Kanwa a Gwangwanin Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Gure ba, ko da kuwa tsufa ya mantar da ni sunana. Lokacin shekarata biyu a gidan mijina Malam, tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Ciwon sukari ya kama shi, ya rame har riga ta yi masa yawa, ga ƙishirwa ba dare ba rana, har mun fara fid da rai. Aka kai shi wurin likita a Damagaram, ya dawo da ƴar akwati mai allurar gilashi da ƙananan kwalabe. Cikin wata biyu mutum ya murmure. Ikon Allah! Tsayawa nake baki sake in ya tafasa allurar, ya zuƙi ruwan kwalba daidai zanen da likita ya nuna masa, ba ƙari ba ragi, ya soka a cinya. Ruwan ko cokali bai cika ba, amma shi ke riƙe da ran ƙato guda. Kwalaben kuwa a gindin randa muke ajiye su, cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Doka biyu ya kafa mani. In ya yi allura, abinci ya biyo baya, ba jira. Sai wani gwangwani da ya cika da gutsattsarin sukari, ya ce kada in taɓa. Ya yi bayani, wallahi ya yi, amma kunnena na wurinsa, hankalina na cikin gwangwanin. (Zamanin nan sukari sai gidan masu hali, ni kuma Allah ya yi ni da kwaɗayi, ba zan ɓoye muku ba.) Na ce a raina, mutumin da sukari ke neman kashewa, me zai yi da sukari? Ai taimakonsa zan yi. Ɗaya yau, biyu gobe. Da gwangwani ya yi sauƙi sai dabara ta faɗo mani: farar kanwa, ga ta nan birjik a kasuwa. Na farfasa daidai girman sukarin na zuba. Har yaba wa kaina na yi.

Ranar Larabar ya yi allurarsa, ina cikin dama kunu, sai ga aike wai kumandan na kira yanzu-yanzu. Ya fita bai kurɓi komai ba. Da hantsi sai ga shi an rirriƙo shi, gumi sharkaf, hannu na rawa, harshe ya karye. Mutumin da ke juya Faransanci da Barbarci ba gargada! Matan unguwa suka cika tsakar gida. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Ni kam kuka kawai na iya.

Surukata Inna, ita da ta saurari bayanin ɗanta da kunnen basira, ta ce, "Wace iska? Magani ne ya tarar da ciki wayam. Ke ƴar nan, miƙo gwangwanin nan maza, tun yana iya haɗiya!"

Jama'a! Na ɗauko na miƙa, ina roƙon Allah ya sa ko ƙwaya ɗaya ta tsira daga bakina. Ina! Inna ta saka masa ɗaya, ya yamutse fuska ya tofar. Ta ɗauki wata ta lasa. Ta dube ni.

"Kanwa? Ina sukarin?"

"Inna... ni na shanye."

A gaban matan unguwa kaf. Ga mijina kwance yana neman tafiya, saboda kwaɗayina. Inna ko zagina ba ta tsaya yi ba. "Zuma! Wa ke da zuma?" Maƙwabciyarmu ta ruga ta kawo. Aka dama da ruwa, Inna ta tallafi kansa tana ba shi kaɗan-kaɗan.

Abin da na gani, har yau tsigar jikina tashi take. Ba a yi tsawon tuƙin tuwo ba rawar ta tsaya, ido ya washe, mutum ya tashi zaune ya gyara hula. Ya dube mu ya ce, "Lafiya na ga taro? Rasuwa aka yi?" Mata suka ɗauki salati. Zaƙin da ke cutarsa, shi ya dawo da shi daga bakin kabari. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sa wa komai gwargwado.

Da aka watse Inna ta ba shi labari. Na so ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Da kin ce kina so, ai da na sayo miki naki."

Na dai koyi cewa in mai ciwo yana bayanin maganinsa, ba shawarata yake nema ba, kunnena yake nema. Malam ya yafe mani, mun kuma yi shekaru tare. Amma duk safiya kafin ya fita sai ya buɗe gwangwanin, ya ɗauki ɗaya ya lasa yana kallona.