Kakana Matuƙin Jirgin Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗora marigayi kakana a jirgin yaƙi a gaban surukaina ba.

A bangon gidanmu na unguwar Sharafiyya a Jidda akwai hotonsa yana saurayi, da hula mai rufe kunne, tsaye kusa da wani ƙaramin jirgi a tsohon filin jirgin Jidda, tun zamanin da sojoji ke koyon tuƙi a wurin. Yau filin ya zama gidaje da tituna, kullum ina ratsa shi da motar kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki. Ba wanda ya taɓa ce min kakan nan matuƙi ne. Ni na ga ya dace (ni ɗin da ko ƙofar jirgi ban taɓa leƙawa ba).

Ranar da muka je neman auren Samira a unguwar Aziziyya, babanta ya tambayi asalinmu. Na gyara zama, na zaro waya, na nuna hoton.

"Da kakana aka koyi tuƙin jirgi lokacin yaƙi," na ce. Da na ga ana gyaɗa kai sai na ƙara da cewa Baturen da ya koya masa har shawara yake nema a wurinsa. Kawuna da ya rako ni yana ta zungurata da gwiwar hannu, na ɗauka jinjina ce.

Wayar ta zagaya har ta kai hannun Baba Hamza, kakan Samira. Ya kai ta daf da idonsa.

"Ai wannan Idi ne, Idi Mai Awaki. Tare muka yi dakon kayan alhazai a filin nan bayan ya koma na fasinja. Kafin nan, aikinsa korar awaki daga hanyar jirgi."

"To hular fa, Baba?" in ji baban Samira.

"Aro ya yi don hoton."

Na ƙura wa kofin shayina ido, ina lissafin taku nawa ne zuwa ƙofa.

"Mutumin kirki ne," Baba ya ci gaba. "Ko akuya ɗaya ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Albarkacinsa na ba ka ita, halas. Amma ba don kai ba, Kyaftin."

Shekara shida ke nan, duk danginsu Kyaftin suke kirana, har matar da na aura. Abin da na koya: in za ka yi wa mamaci ƙarin girma, fara tabbatar da abokan aikinsa duk sun bi shi lahira.