Akuya Mai Shan Ƙwayar Masu Ciki

Wani ne a Sabon Garin Maraɗi, matarsa Hidaya ta samu cikin fari. Mutumin ya rantse ba wanda zai ji labari sai cikin ya fito da kansa, don shi tsoron bakin mutane yake yi kamar me. Ko awo bai yarda a yi a Maraɗi ba. Ya goya ta a moto har Tibiri, inda yake ganin ba a san su ba.

Ungozoma ta miƙa masa ƙwayar ƙarin jini ta ce, "Guda kullum, kar ta yi fashi. Ita ka taimakon lakar bayan ɗiya da ƙwaƙwalwa, tun yanzu da ciki yake ƙarami. Ta riƙa cin ganye da wake kuma."

Ya ce, "Hajiya, rage murya mana!"

Kashegari ya tafi Jiratawa, ya labto zogala har ba a hango kansa a kan moto. Yana tsayawa ƙofar gida, sai ga maƙwabcinsa Idirisa, wanda ko tsintsiya ka sayo sai ya tambayi dalili.

"Wannan uban ganye hwa?"

Ya ce, "Na akuya ne."

"Yaushe ka yi akuya?"

"Tana tahe."

Dole ya juya kasuwa ya sayo akuya.

Idirisa kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora wa dabbar nan. Kullum da safe sai ya leƙo ya ga yadda ta kwana. Gogan naka, don kar a gano shi, sai ya zube mata zogalar duka a gabansa. Waken ma haka. Hidaya na leƙe ta taga, tana haɗiye yawu.

Ran nan Idirisa ya hango ƙwayar a aljihunsa.

"Wannan ba irin wadda aka ba masu ciki ba ce?"

"Ita ce. Akuyar ce da ciki."

"Allah shi raba lahiya! To ba ta mu gani."

Mutumin ya danne akuya, ya tura mata ƙwaya. Daga ranar abin ya zama na kullum, Idirisa ne ma ke riƙe mata ƙafa. Akuya ta yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi.

Hidaya ta ce, "Malam, kwana goma ke nan ban ga ƙwayata ba."

"Yi haƙuri, ai asirinmu nike rufewa. Kin ga har yau ba wanda ya sani."

Ta leƙa taga ta dubi akuyar a turke.

Da ya dawo daga masallaci da la'asar, ya iske gidansa cike da matan unguwa, ga Tsahara matar Idirisa a gaba, ana ta salati. Ya kutsa ciki. Akuya na yawo sake a tsakar gida, Hidaya kuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin turke, ta ɗaura igiyar a ƙafarta.

Ya ce, "Subhanallahi! Mi kike yi haka gaban mutane?"

Ta ce, "Layi nike bi, Malam. Na ga gidan nan mai ciki ba ta samun magani sai tana ɗaure a turke."