Habila da Faifan Cikin Leda

A Rafin Atili, wani ƙauye da ke lafe a gindin duwatsu kafin a hau Jos, akwai wani gida mai shingen ƙerana. Baba Ilisha ne maigidan, matarsa Mama Keziya, 'ya'yansu Yoila da Habila. Habila shi ne ƙarami, amma ya fi kowa girman jiki, ga ƙarfi, ga zuciya fes. Abu ɗaya ne dai da shi: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ba a aike shi ba, sai ya kwanta a kan dutse yana kallon gajimare yana sa musu sunaye.

Baba Ilisha shi ne makaɗin gangar majami'arsu tun yana saurayi, har wani zazzaɓi mai zafi ya zo ya tafi da jinsa. Daga nan ya rataye gangar a bango, ya daina zuwa sujada, ya ce ba zai je ya zauna yana kallon bakin mutane na motsi kamar na kifi ba. Kullum yana ƙarƙashin bishiyar atili, shiru, hannuwa a kan gwiwa.

Yoila kuwa gyaran rediyo yake yi, yana kuma ba da hayar lasifika a wuraren biki. Shi ne ya kamu da son wani kiɗan Turawa da ake kira metal, inda jita ke gurnani, ganguna na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, mawaƙi na ihu sai ka ce an taka masa ƙafa, alhali in ka bi kalmomin yabon Yesu ne tsantsa. Bai yarda da na cikin waya ba, sai wanda zai riƙe a hannu, kaset ko sidi ko faifan garmaho. A nan guminsa ke ƙarewa, domin faifan da ake sayarwa kuɗin kaza a ƙasarsu, kafin jirgi ya ci nasa, kwastan su ci nasu, canjin dala ya ci nasa, ya koma kuɗin akuya mai ciki. A kan wannan ne shi da Baba suka yi cacar baki, Baba ya kira kiɗan hauka, Yoila ya mayar da magana mai zafi. Ba a daɗe ba zazzaɓin ya zo. Maganar ƙarshe ke nan da Baba ya ji daga bakin ɗansa, kuma tun daga lokacin ba su ƙara haɗa ido ba. Wannan abu yana cin Mama Keziya, Habila ma yana jinsa a ransa ko da bai san sunansa ba.

Wata rana Yoila ya aiki Habila tashar mota a Jos ya karɓo wani faifan garmaho da ya daɗe yana jira. Ya ba shi kuɗin zuwa da dawowa, ya ja masa kunne cewa faifan ya sha doguwar tafiya, kada a jefa shi cikin but tare da buhunan dankali, a sama masa wurin zama mai kyau. Habila ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya duba motar garinsu, ya ga ba wurin da ya kai gidan gaba kyau, sai ya biya kuɗin kujerar, ya zaunar da kwalin, ya ɗaura masa bel, ya ɗan sauke masa gilashi don ya sha iska. Da direba ya tambaye shi shi ina zai zauna, ya ce shi ba a ce a sama masa wuri ba. Mota ta tashi da faifai a gaba kamar wani babban baƙo, Habila ya bi bayanta a ƙafa, yana tafe yana tunanin irin ƙasashen da faifan ya gani ta tagar jirgi. Allah ya sa direban ya san gidan. Da la'asar sakaliya Habila ya iso, ƙafa duk ta kumbura, abin da ya fara tambaya shi ne ko baƙon ya ji daɗin hanya.

Wata rana kuma aka yi zafi sosai, Yoila zai fita aiki ya tuna da wani kaset da ya bari a taga, wanda sai da ya sayar da wayarsa ta biyu kafin ya same shi. Ya ce wa Habila zafi na lalata kaset, ya ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Habila ya zaga ɗakuna yana taɓa bango, ya taɓa ƙasa, ya taɓa ƙarƙashin gado, bai sami inda ya kai cikin randa ba. Ya saki kaset a hankali ya nutse, ya mayar da murfi, ya kara kunne a jikin randar, ya rantse yana jin waƙar tana narkewa cikin ruwa. Mama ce ta kamfato shi da moɗa da yamma. Yoila ya riƙe abin yana ɗiga, idanunsa suka kawo ruwa, ya cilla wa Habila.

"Tafi da shi. Kai wa tsuntsayen gona su saurara."

Washegari da sassafe Habila ya tafi gonar acca. Ya ga tsuntsayen ba su da rediyo, sai ya zaro zaren kaset ɗin, ya yi ta ja yana ɗaurawa daga wannan kara zuwa wancan har ya kewaye gonar. Iska ta taso, zaren ya kama walƙiya yana wani siririn kuka, tsuntsaye suka watse ba su ƙara sauka ba. Habila ya ji haushi da suka ƙi tsayawa su ji. Mama kuwa ta ce a shekarar ba gonar da aka tsare da kaya mai tsada kamar tasu. Da Baba ya zo wucewa ya ga abin yana ƙyalli, ya ɗora yatsa a kan zaren, ya daɗe a tsaye yana jin yadda yake rawa a fatarsa. Habila kaɗai ya lura, shi ma bai gaya wa kowa ba, tunda ba a ce ya gaya ba.

Wata rana Habila ya tambayi yayansa me ya sa baƙon da ya zo a gidan gaba har yau yana cikin ledarsa, ba a taɓa ɗora shi a kan garmaho ba. Yoila ya yi masa bayani cewa kaɗan aka buga irinsa a duniya, kuma masu tara faifai sun fi biyan wanda ba a buɗe ba. Ranar da aka yage ledar, rabin darajarsa ta tafi.

"To Yaya, in ba wanda ya ji, yaya aka san akwai waƙa a ciki?"

Yoila ya ce ya rabu da shi, ya dai riƙe cewa abin da ba a buɗe ba ya fi kuɗi. Habila ya riƙe. Ranar kasuwa Mama ta ba shi kwanon dafaffen atili ya sayar. Ya rufe kwanon, ya naɗe da leda, ya ɗaure tam, ya zauna a bakin hanya ya ninka kuɗin. Duk wadda ta ce ya buɗe ta gani, sai ya rungume kwanon ya ce so take ta karya masa daraja. Kasuwa ta watse ya dawo da kayansa yadda ya tafi da su, yana murna wai gobe sun fi haka tsada. Atilin ya yi tsami, aka zuba wa aladun maƙwabta. Shi kuwa daga ranar, duk lokacin da ya wuce ta gaban faifan nan sai ya ji tausayin mawaƙan, yana ganinsu a ransa a tsaye cikin duhu, baki a buɗe, suna jiran a ce su fara.

Bikin godiyar kaka ya matso. Fasto ya aiko a roƙi Baba ya zo ko da zama ne kawai ya yi, Baba ya girgiza kai. Abin ya ƙona wa Mama rai, kuma a kan Yoila ta sauke. Ta ce masa ya dubi ubansa da ke zaune cikin shiru kamar an rufe shi a rijiya, shi kuma yana tara waƙa a leda yana kashe mata kuɗin da za a yi rufin ɗaki da shi. Yoila ya san tana da gaskiya, shi ya sa ma ya fusata. Da ma dai bai koyi darasi daga tsuntsaye ba, sai ya juya ga Habila da ke tsugune yana shan gwate.

"Ka ji abin da Mama ta ce. Je ka sa wa Baba wanda ya fi duka tsada, ka yi ta ƙara murya har sai ya ce ya ji."

Ya ɗauki jakar aikinsa ya fice. Mama ta yi tsaki, ta ɗaura zanen Zumuntar Mata ta tafi majami'a koyon waƙa.

Habila ya ƙarasa gwatensa, ya wanke hannu. Ya fito da garmaho da batir, ya kinkimo babbar lasifikar biki ya dire a ƙarƙashin bishiyar atili. Ya ɗauko baƙon, ya gaishe shi, ya yage ledar, ya ɗora allura yadda ya sha ganin yayansa na yi. Mawaƙan da suka daɗe suna jira suka ɓarke gaba ɗaya. Kaji suka tsallake shinge, akuya ta tsinke igiya, ƙananan atili suka fara zubowa daga reshe. Baba bai ko juyo ba. Habila ya ƙara murya, ya ƙara, har maɓallin ya ƙi juyawa. Tunda murya ta ƙare Baba kuma bai ce ya ji ba, sai ya matso da lasifikar. Ya ƙara matsowa har ta taɓa kujerar da Baba ke zaune a kai, ba sauran wurin matsawa. Ya tsaya ya yi tunani irin nasa, sannan ya sunkuya ya ɗauki tsohon cak, ya ɗora shi a kan akwatin lasifikar.

Baba ya ɗaga hannu zai kai masa duka, sai hannun ya tsaya a sama. Wani abu na shigowa ta katakon, ya bi ƙafafunsa, ya hau bayansa, ya zauna a ƙirji. Ya sauke hannun a hankali ya shimfiɗa tafinsa a jikin akwatin, ya lumshe ido. Can sai yatsunsa suka fara motsi, suna lalube, suna ɓata, suna dawowa, har suka kama kiɗan suka bi shi.

Tun daga bakin rafi Yoila ya jiyo, ya kuma gane ko wane faifai ne. Ya shigo a guje, ya ga ledar a yashe a ƙasa iska na wasa da ita, ya ji kamar an yage masa aljihu. Ya yi kan Habila, sai ya ji an kira sunansa da wata murya da ta daɗe ba ta kira shi ba.

"Yoila. Mai gangar nan yana da gaggawa, amma bai ɓata ko sau ɗaya ba. Me suke cewa?"

Yoila ya tsaya cik. Ya zo gaban ubansa ya durƙusa, ya rasa yadda zai yi, sai ya haɗa tafin hannuwansa ya nuna sama, ya motsa baki a hankali yadda tsohon zai karanta: suna roƙon Ubangiji ya ji kukansu. Baba ya dube shi ido cikin ido, ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa.

"Da wannan ƙarfin? To lalle zai ji."

Ya nuna bango. Habila ya gane, ya ruga ya sauko da gangar, ya hure ƙurar da ke kanta. Baba ya rungume ta a kan cinya, yana zaune a bisa lasifika, ya shiga ba mai gangar Turawa amsa da kiɗan majami'ar Rafin Atili. Mama Keziya ta dawo da matan Zumunta a bayanta, sun zo ganin ko wani abu ya fashe, suka tsaya a bakin shinge. Ita dai ta sa bakin zane tana goge ido, don daɗi ya yi mata yawa.

Faifai ya kai ƙarshe, allura ta koma tana ɗan karce-karce a tsakiya, gari ya yi tsit. Yoila ya ce wa ƙanensa ya isa haka, ya kashe. Habila ya ƙi, ya ce ba a gama aikin ba, an ce sai Baba ya ce ya ji. Ya leƙa fuskar tsohon, ya ja kunnensa da yatsa yana tambaya.

"Baba, ka ji?"

Baba Ilisha ya dubi Habila, ya dubi Yoila da ke durƙushe har yanzu, ya ɗora hannu a kan ɗansa na fari.

"Tukuna," ya ce. "Yoila, juya mana ɗaya gefen."