Sanarwar da Aka Yi wa Makafi da Hoto

Ranar Litinin da safe sandata ta ci karo da abin da ba ta saba da shi ba. Shekara huɗu ke nan ina bin barandar nan ta bayan ofishin da aka ce namu ne, mu masu buƙata ta musamman. Taku talatin da biyu daga bakin get, in juya dama, in tura ƙofa da kafaɗa saboda tana cijewa. Ran nan na tura ƙofa, ƙofa ta turo ni. Da na shafa sai na ji kwaɗo, ƙato, sabo fil, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba.

Baba maigadi ya taso yana jan silifa, ya ce, "Malam, ai an rufe ɗakin. Ba ka ga sanarwa ba?"

Na ce, "Baba, rabona da ganin sanarwa tun ina aji uku na sakandare."

Ya ce, "Au, haka ne fa. Yi haƙuri." Har yau da nake wannan rubutu shi kaɗai ne ya ba ni haƙuri a ofishin nan.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan, ni makaho ne, kuma ni nake rubuta shi da yatsuna. Na faɗa ne don duk mako sai an samu mai tambaya a ƙasa, "Tsakani da Allah, wa yake rubuta maka?" Akwai wata murya a cikin wayata da cikin kwamfuta, muryar mace, ba ta gajiya ba ta fushi, duk harafin da na taɓa sai ta faɗa mini. A gida Malama muke ce mata. Ban da masu tambaya akwai kuma 'yan "Allah sarki". In na yi rubutu a kan layin mai, Allah sarki. In na caccaki masu ɗauke wuta, Allah sarki, Allah ya ba ka lafiya. Ran nan na yi bayanin yadda ake lallaɓa batirin waya ya kai yamma, wani bawan Allah ya rubuto cewa na sa shi hawaye.

Ɗakin da aka garƙame ɗan ƙarami ne, kwamfuta uku ne a ciki masu magana, wasu masu alheri suka bayar. A nan nake dogon rubutu, don allon waya ya yi wa yatsuna kaɗan. Mu goma sha ɗaya ne muke amfani da shi, Talata da Alhamis kuma ni nake koya wa sauran. Cikinsu akwai wata dattijuwa da muke kira Inna Nas, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ciwon suga ya tafi da idanunta bara waccan. Wata uku tana haddace inda haruffa suke, don ta rubuta wa 'yarta saƙo ba tare da wani ya zauna a tsakani yana jin sirrinsu ba. Ta gama layin sama da na tsakiya na maɓallan kwamfuta, saura na ƙasa.

Na koma gida na buɗe shafin ofishin a waya. Malama ta bi shi daga sama har ƙasa, ta zo wani wuri ta ce, "Hoto. Takarda. Babban yatsa." Iyakar abin da ta sani ke nan. Na miƙa wa maman yara wayar, ta goge hannu ta karɓa, ta karanta mini: ana sanar da dukkan makafi masu amfani da ɗakin kwamfuta su sabunta sunayensu cikin mako biyu, in ba su yi ba za a ɗauka ba su da buƙata, a mai da ɗakin sito.

"Yatsan fa na waye?" in ji ni.

Ta ce, "Na masinja ne mana. A kan gwiwarsa ya ɗora takardar ya ɗauka. Ga wandonsa nan a gefe."

Jama'a, a nan dole mu jinjina wa ma'aikatanmu, don aikin ba ƙarami ba ne. Da kwamfuta aka buga sanarwar, kuma da a haka aka sa ta, da Malama ta karanta mini ita cikin minti ɗaya. Amma ina! Sai da aka gurzo ta a takarda, aka hau da ita bene, Mai Girma Shugaban Sashen Tausayi ya sa hannu, aka sauko da ita aka dangwala mata hatimi, aka ba masinja ya ɗauki hotonta, sannan aka liƙa mana. Mutum biyar suka yi gumi kafin a mai da rubutu abin da makaho ba zai iya karantawa ba. Ashe ma an manna kwafi ɗaya a bangon barandar, na wuce ta gabansa sau takwas. Masinjan kuwa kullum sai ya gaishe ni har da tambayar yara, amma bai taɓa cewa uffan ba, don ba a rubuta masa ya faɗa ba.

Maƙwabcina tela, wanda yake da ra'ayi a kan komai, ya tsayar da kekensa ya ce, "Ka ragargaje su a shafin nan naka! Kai da kake da mabiya?" Na ragargaje su kuwa. Kafin la'asar na samu "Allah sarki" sittin da uku, da wani mai tallar maganin ido. Maman yara ta ce, "Malam, masu tausayi ne suke karanta ka. Masu makulli ba sa leƙowa."

Washegari na je wajen Sakataren ofishin. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta buɗe ƙofa. Ya karanta mini rahotonsa da alfahari: cikin makafi goma sha ɗaya babu ko ɗaya da ya amsa sanarwa, wanda ya tabbatar da cewa ɗakin ba shi da amfani. Ranar Alhamis za a kwashe kwamfutocin a shigo da kwalaye.

Na ce, "Kwalayen mene ne, yallaɓai?"

Ya ce, "Kalanda ce, dubu biyar, mai hoton Mai Girma. Ku za a raba wa."

"Ta bana?"

"Ta bara. An ɗan samu jinkiri."

Na ce to ina da koke. Ya ce babu laifi, amma doka ita ce koke a rubuce ake kawo shi, a takarda, da hannun mai koken. Ba a karɓar na baki, ba a karɓar na waya. Na sake tambayarsa, da hannuna? Ya ce da hannunka. Na yi godiya na taso.

Ina isa gida na sa maman yara ta jawo mini tsohuwar akwatina daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai allon rubutun makafi da ɗan tsinken ƙarfen da ake huda takarda da shi, rabona da su tun makaranta. Na zauna a tsakar gida ina ƙwas, ƙwas, ƙwas, har tela ya leƙo ta katanga ya tambaya ko mun fara kiwon kaji. Shafi uku na cika, yatsana har ya yi kanta.

Ranar Laraba na ajiye wa Sakatare a kan tebur. Na ji ya juya takardar, ya sake juyawa.

"Malam, ai babu komai a jiki. Ƙuraje ne kawai."

"Rubutu ne, yallaɓai. A takarda, da hannuna."

Nan fa aiki ya tsaya. Ba zai iya mayar mini ba, don na cika doka. Ba zai iya shigar da shi rajista ba, don akwai gurbin da ake rubuta abin da koke ya ƙunsa. Ya kira mai buga takardu, ta shafa ta ce ita dai tsikar jikinta tashi take yi. Ya kira masinja, shi kuma ya tambaya ko ya ɗauki hotonsa. Da abin ya gagara sai aka yi abin da ake yi wa duk matsalar da ta gagara, aka hau da ita sama, ni ma aka haɗa da ni.

Ofishin Mai Girma sanyi ƙalau, ƙafa tana nutsewa a kafet. Ban san kamanninsa ba, turarensa dai ya riga shi gaisawa da ni. Na ji ya karɓi takardun. Na ji ya buɗe gidan tabarau. Na ji ya tashi ya ja labule, wato ya ɗaga takardar a hasken taga ko wani abu zai ɓullo. Zobensa ya ɗan karci takardar. 

Can ya ce, da wata ƙaramar murya da ban zaci yana da ita ba, "Malam, karanta mini."

Na shigo ɗakin nan da niyyar in sha dariya, har na tanadi yadda zan ba ku labari. Amma da ya faɗi haka sai na fasa. Wannan maganar tawa ce. Shekara ashirin da biyar ina faɗinta, a asibiti, a tasha, a gaban takardar sakamakon 'ya'yana, kuma na san yadda take fita daga maƙogwaro. Ga babban mutum riƙe da takarda a hannunsa, an ce masa magana ce a ciki, maganar kuma ta shafe shi, amma sai wani ya ga dama zai ji ta. Wallahi tausayinsa na ji. Saura kaɗan in ce masa Allah sarki.

Na karɓa na ɗora yatsu na fara. Da koken biro ne, da kan takardar kawai zai duba ya tura ta ƙarƙashin tiren takardu. Wannan kuwa babu tsallake, dole ya ji shi daga farko har ƙarshe: taku talatin da biyu, kwaɗo, yatsan masinja, Inna Nas da layinta na ƙasa. A nan ya tsayar da ni ya ce mene ne layin ƙasa. Na ce masa a nan harafin "m" da "n" suke, in babu su ba za ta iya rubuta "ni ce mamanki" ba. Na ji ya cire tabarau ya ajiye.

Da na gama ya juya ga Sakatare. "Wane mai hankalin ne ya ce a sanar da makafi da hoto?"

Sakatare ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, kai ka sa hannu."

Sai na ji hatimi, dam! Mai Girma ya rubuta da biro a saman ƙurajen nawa, yana faɗa da ƙarfi, "An amince da duk abin da ke ciki."

Ranar Alhamis Baba maigadi ya cire kwaɗon da kansa. Inna Nas ta zauna a kujerarta ta kusa da taga, ta lalubo "m", Malama ta faɗa, ta sake dannawa, Malama ta sake faɗa. Sau wajen ashirin ta danna tana dariya ita kaɗai, ban hana ta ba.

Yanzu ga wata magana, amma ta tsaya tsakaninmu. Lokacin da nake karanta wa Mai Girma shafi na uku, bakina ya ɗan riga yatsana, na ambaci fanka da kujeru biyu masu majingina, alhali ban tuna na huda su ba. Takardar tana can cikin fayil da hatiminta, kuma duk gidan babu mai iya cewa ga abin da ke ciki sai ni. Jiya aka kawo fankar. Tela ya ce don Allah in duba masa ko akwai maganar kwaltar layinmu a wajen ƙarshe. Na ce masa zan sake shafawa.