Rasuwar Wayata, Saura Minti Bakwai a Rufe Zaɓen Kyaftin

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yanzu ya ƙi zama hawaye, ni mai shagon aski na bakin kwana nake sanar da 'yan uwa da abokan kallon ƙwallo rasuwar wayata. Ta cika ranar Lahadi, ƙarfe uku saura minti bakwai, a tafin hannuna, tana da shekara shida a duniya.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Ita ta riƙe mini ƙungiyata ta fantasi, gasar nan da mu goma sha huɗu muke yi, kowa ya zaɓi 'yan wasansa a waya, ya naɗa kyaftin da makinsa ke ninkuwa. Duk ƙwallon da ɗan wasana ya ci sai ta ce "tirrr" a aljihuna, ko da ina tsakiyar gyaran gemun mutum. Tun ina yaro nake bin ƙwallo, shekarata goma sha ɗaya a gasar, ban taɓa ɗaukar kofi ba. Bana muka shiga makon ƙarshe ina kan gaba da maki huɗu.

Ta daɗe tana fama da kumburin batir. Da roba nake ɗaure bayanta, caji kuma ba ya shigarta sai an jingina ta da kwalin hoda. Na san tana jin jiki, na ce ta daure mini zuwa ƙarshen kaka.

Mai bi mini a maki ƙanin matata ne, kujerarsa na kusa da tawa a shago, kuma ta madubi yake leƙa mini waya. Shi ya sa na naɗa wani mai ciwon gwiwa kyaftin, na bar ta a buɗe a gaban madubin, don in ruɗe shi, da niyyar in canja daf da rufe zaɓe. Na ɗauke ta, ta ce "ƙit", fuskarta ta yi baƙi. Kalmar sirrina ita kaɗai ta sani, da ita ta tafi. Ashe ƙanin matar tawa ma bai ruɗu ba. Ya wuce ni da maki biyu.

Ta rasu ta bar caja biyu, da abin jin sauti mai kunne ɗaya, da ni. Ta bar matata, wadda ta karɓi labarin da ƙarfin hali mai ban mamaki.

Tun ranar nake buɗe shago, in yi aski, in share gashi, in rufe. Ba na jin komai.

Za a kwantar da ita gobe da safe a aljihun tebur na ƙasa, kusa da tsofaffin almakasai. Ana karɓar gaisuwa a shago duk mako. Ina roƙon masu zuwa kada kowa ya gaya mini makin da kyaftin ɗin da na so naɗawa ya samu. Na riga na duba. Ashirin da shida ne.