Rasuwar Rediyon Motar Nono, da Muryar Alhaji Imoru a Cikinta

Mutawakil mai wayarin mota na Gurugu, kai ka kashe ta. Na sa wannan a gaba don kada wani ya gaji da karatu bai kai ga sunanka ba.

To, sanarwa. Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da magana, ni Mma Zalia mai nono ta unguwar Gumani a Tamale, matar marigayi Alhaji Imoru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu sayen nonona a Dabokpa rasuwar rediyon motarmu, wadda ta cika ranar Talata a garejin Mutawakil, a hannun Mutawakil, yana riƙe da filaya. Ni ban yi boko ba. 'Yata Farhana ke rubutawa, na kuma gaya mata duk kalmar da ta sassauta zan ji a bakin masu karatu.

Marigayiya tare da motar ta zo gidan nan, ta tsufa ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Ba ta da fitila mai rawa. Abin murɗa ta ya faɗi tuntuni, da murfin biro muke lallaɓa ta, ba ta ce an raina ta ba. In mota ta faɗa rami takan yi shiru, sai a dafa mata goshi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ita ke gaya mana wa ya mutu a Tamale da ranar da aka ga wata.

Amma babban aikinta kiran shanu ne. Shekarar da Alhaji zai tafi Makka ya san shanunsa ba sa jin kiran kowa sai nasa, sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya tura a bakin rediyon. Kaset ya shiga, bai sake fitowa ba. Alhaji ya je ya dawo, ya yi kwanakin da Allah ya ɗibar masa ya tafi, kaset na nan. Kowace yamma ɗana Zakir zai kai mota bakin fadama, ya buɗe ƙofofi, marigayiya ta ce, "Haaa-yo, Kyalla, haaa-yo, taho gida." Sai ɗan tari a ƙarshe, irin na mai cin goro. Kyallar yanzu 'yar waccan ce, ta gaji sunan ta gaji kunnen. Tana ɗaga kai, garke ya biyo ta. Ni ma, tunda gaskiya ake faɗa, nakan bar tankaɗe in tsaya sai an yi tarin nan.

Ga yadda ciwon ajali ya fara. Na tafi suna, Zakir ya kai mota Gurugu don fitilar baya kawai. Mutawakil ya leƙa ciki ya ce, "Har yanzu da kakar rediyo kake yawo?" Ya zaro wata baƙuwar rediyo a kwali, mai fuska kamar wayar hannu, ya yanke wayoyin marigayiya, ya cusa ta ƙarƙashin kujera. Zakir ya ce muryar babana fa. Mutawakil ya ce ai ya ɗauka a wayarsa kafin ya cire, zai zuba a sabuwa.

Baƙuwa ta zo da ciwonta. Ana tayar da inji sai ta fara kuka kamar sauro ya samu lasifika. Zakir ya taka totur, kukan ya hau. Ya saki, ya sauko. Ya kunna sigina, ta kama taunar ƙashi, ƙas, ƙas, ƙas. Wani zai ce a kashe injin mana. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tura motarmu a cikin taɓon fadama ba.

Muryar da ya ce ya ɗauka kuwa, a tsakiyar gareji ya ɗauke ta. Alhaji na cewa haaa-yo, janareta na ruri, ga Mutawakil can yana cewa, "A sa min ƙwai da taliya a wake da shinkafar." Wannan aka kunna wa shanuna, da sauron a kai. Kyalla ta ɗaga kai, ta saurara, ta juya ta shiga masarar maƙwabcinmu Abdul-Rauf, garke ya biyo ta kamar kullum. Abdul-Rauf mutumin kirki ne, amma ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da gira.

Muka yi ta jinya. Mutawakil ya ce batir ne, aka wanke kan batir. Ya ce fulogi ne, aka canja. Ya ce altaneta ce, aka kwance ta aka mayar. Ya liƙa wani ɗan baƙin akwati kamar dunƙulen magi ya ce zai shanye kukan, sai abin share gilashi ma ya shiga waƙar. Ranar Talata na yafa mayafina na bi Zakir. Mutawakil ya ce, "Mma, motar ce ta tsufa. Ko tsohuwar aka mayar, haka za ta yi." Na ce ɗan nan, mayar mu gani.

Ya haɗa ta. Inji na aiki, Zakir na taka totur, marigayiya ta buɗe baki tas, ba sauro ba ƙashi: "Haaa-yo, Kyalla." Masu gareji suka bar aiki suka juyo. Kunya ta kama Mutawakil, ya hau jan wayoyi da sauri, bai cire kan batir ba. Jar waya ta taɓa inda bai kamata ba. Tartsatsi, hayaƙi, wari kamar an ƙona silifa. Maganarta ta ƙarshe tarin Alhaji ne, shi ma rabi.

A cikin jan wayoyin nan ne ya ga baƙar wayar baƙuwa, wadda ya kamata ya ɗaure a jikin ƙarfen mota, ashe a kan wata ƙusa mai fenti da tsatsa ya ɗaura ta, tana lilo. Ya kankare, ya ƙulle, ya sake haɗa baƙuwa, kukan ya ɗauke. Har yana murmushi yana cewa, "Mma, kin ji, ta warke." Ta warke, amma me za ta gaya wa shanu?

Marigayiya ta rasu ta bar lasifika biyu, ɗaya a ƙofar da ba ta buɗuwa. Ta bar eriya, wadda asalinta sufok ɗin keke ne. Ta bar Kyalla da garke, da Zakir da ke bin su da gudu har takalminsa ya tsinke, da ni.

Gawa tana Gumani a cikin babbar tasar nono, an rufe ta da farin ƙyalle a gindin darbejiya. Ba za a yi wanka ba, ruwa bai taɓa karɓarta ba. Za a yi zaman gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, akwai fura da nono gwargwadon abin da shanu masu fushi suka bayar. Masu zuwa da mota su kashe kiɗansu tun daga kwana.

Binnewa kuwa babu rana, don ba a binne mai amana da amana a ciki. Kaset na nan a cikinta, babu wanda ya san ko ya narke ko yana da rai. Mutawakil, ka zo ranar Juma'a da ƙaramin sukudireba da hannu mai sanyi, ka buɗe ta a gaban shugaban masu garejinku da Abdul-Rauf, ka fito min da muryar mijina. In ta fito lafiya, na yafe maka har ƙwan da taliyar. In ba ta fito ba, kowace yamma ka rufe gareji ka zo bakin fadama ka yi haaa-yo da bakinka, har da tarin, sai ranar da Kyalla ta amsa maka.