Na Tsare Ƙofa, Na Manta da Kogi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kansiloli suka zauna a kaina ba, ba da jimawa ba bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato. Lokacin ina riƙon ƙwarya a kujerar sakataren wasanni na ƙaramar hukumarmu, ina jiran takardar tabbatarwa. Duk wanda ya taɓa riƙon ƙwarya ya san irin rawar kan da take sa mutum.

Sai aka shirya babbar gasar kokawa, 'yan wasa daga Yelwa da Wara da Shanga, aka kuma ce wakilin gwamna zai halarta. Ni kuwa na taɓa zuwa kallon ƙwallo a Kaduna (sau ɗaya tak, amma na shekara ina ba da labarin), na ga masu gadi na kamfani tsaye ƙiƙam cikin kaki, ba sani ba sabo. Na dage cewa 'yan bangar gari ba za su iya wannan aiki ba, tunda kowa ɗan'uwansu ne. Na yi ta damun ciyaman har ya yarda aka ɗauko wani kamfanin tsaro daga can.

Shugaban masu gadin ya nemi taswirar filin. Na zauna da rula da jan biro na zana masa abu tsaf. Gabas ƙofa, kudu da arewa shingen kara. Yamma kuwa, inda filin ya gangara bakin ruwa, na rubuta da hannuna: babu hanya. Na sa hannu, na buga hatimi, ina jin kaina wani babba.

Ranar gasa duk masu gadin suka taru a ƙofa, suka ce ba mai shiga sai da kati. Kansiloli da manyan gari suka sha rana a layi, ana lalube musu aljihun babbar riga, ana sa su cire hula. Ni ina rumfar manyan baƙi ina mamakin wani abu: layin ƙofa ba ya motsi, amma fili sai cika yake yi. Har na fara yaba wa kaina. Da na waiwaya yamma sai na ga kwale-kwale jere a bakin ruwa kamar ranar kasuwa, mutanen tsibirai da na ƙetare suna ta sauka da ganguna da matansu da 'ya'yansu. Kafin la'asar jama'a sun cinye da'irar kokawar, rumfar manya ta karkace, wakilin gwamna ya tafi bai ga karon ƙarshe ba. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni.

Bayan sati guda aka kafa kwamitin bincike, kuma a nan kaina ya ɗaure. Jam'iyyu biyu ne a majalisar. 'Yan ɓangaren ciyaman suka ce da gangan na bar bakin ruwa a buɗe, don mutanen tsibirai, waɗanda ba su zaɓe shi ba, su kunyata shi gaban baƙo. 'Yan adawa suka ce ciyaman ne ya sa na yi hayar 'yan daba daga wani gari don a wulaƙanta su a ƙofa. Wani ya tambaye ni jam'iyyar mai kamfanin, alhali ko fuskarsa ban taɓa gani ba. In na musa zargin waɗannan, sai waɗancan su ce to na amsa nasu ke nan. Abu ɗaya na sani: in aka samu siyasa a ciki, aikina ya tafi. Tsoro ya kama ni sosai, don watan aurena huɗu a lokacin.

Sai aka kira shaida, wanda aka ce ya fi kowa jigilar mutane ranar gasar. Ina ɗaga kai na ga Kawu, ƙanen Inna. A jirginsa na yi shekara shida ina zuwa firamare. Shugaban kwamitin, wani dattijon kansila, ya tambaye shi wa ya gaya masa an buɗe bakin ruwa.

"Ranka shi daɗe, wa ka buɗe ruwa?" in ji Kawu. "Tun muna yara nan muka sauka. Mu ba mu san ma da wata ƙofa ba."

Shugaban ya zaro taswirata daga fayil. Kawu bai yi boko ba, don haka aka karanta masa abin da ke wajen yamma, aka nuna masa sa hannun. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ka rubuta wanga? To ta ina ni ka kai ka makaranta?"

Na so ƙasa ta tsage. Shugaban ya cire tabarau ya ce, "Malam Sakatare, hwaɗa muna gaskiya. Siyasa ta, ko mi na?"

Na duba dama, na duba hagu. Amsa ɗaya ce za ta bar ni da aikina, kuma ita ce gaskiyar. Na miƙe gaban kansiloli da magatakarda da kawuna, na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi mantawa na yi ana tafiya a kan ruwa."

Sai aka fashe da dariya, ɓangarorin biyu tare, har wani yana dukan tebur. (An ce ranar ce kaɗai suka taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya.) Rahoton kwamiti ya wanke ni daga siyasa, ya ce matsalar ƙarancin tunani ce. Da wannan shaida aka tabbatar da ni a aiki.

Abin da na koya shi ne, idan 'yan siyasa suka rasa gane kai na wane ne, gara su tabbatar kai wawa ne. Ba a korar wawa daga aiki. Labarinsa kawai ake bayarwa, kuma nawa har yau ana ba da shi a cikin jirgi.